Keken Yaya Tsahara

Akwai laifi guda da Malam Salissou ya sha amsawa a gaban Ubangiji, amma bai taɓa amsa shi a gaban ɗan Adam ba: shekara bakwai ke nan keken guragu yana jingine a garejinsa, cikin kwalinsa, ko salatif ɗin da aka liƙe shi da shi ba a ɓare ba. Ya saye shi ne a wani katafaren kanti da ke kan titin Wendover, washegarin ranar da aka bugo aka shaida masa cewa yayarsa Tsahara ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta riƙa raka shi lakkol, wato makarantar boko, daga ƙauyensu har Madarunfa lokacin da yake tsoron karnukan hanya. A waya ya gaya mata, da muryar mutumin da ya riga ya yanke magana, cewa kada ta damu, keke yana nan tafe, kuma shi da kansa zai kawo shi da zarar zangon karatu ya ƙare. Zangon ya ƙare. Wasu goma sha uku sun bi bayansa.

Ba za a ce Malam Salissou bai san hanya ba, domin sanin hanya shi ne sana'arsa. Labarin ƙasa yake koyarwa a wata jami'a da ke gabashin Greensboro a Amirka, kuma a kowane zango yana ware rana guda domin Nijar. Ɗalibai suna son wannan lacca, saboda a ranar yakan sa babbar riga. Yakan nuna musu ƙasar a taswira, ƙasashe bakwai sun kewaye ta, hamada ta cinye mafi yawanta, jama'a sun taru a gefen kudu kamar masu gudun zafin rana sun samu inuwar katanga. Yakan lissafa gero da wake da albasar Galmi da dabbobi, ya zo kan yuraniyom ya ɗan dakata domin su ji nauyin abin. Idan ya iso babin gwamnati, sai ya shawarce su da su rubuta da fensir. Daga nan ya kai ga jimlar da ya fi alfahari da ita, wadda ya shekara ashirin yana gogewa: ƙasar da ba ta da bakin teku kamar mai ɗaki ne a ƙuryar gidan wani, ba ya shiga ba ya fita sai ya ratsa zauren maigida, kuma ran da maigida ya tashi da fushi, ranar a ɗaki zai wuni.

Jimla ce mai kyau. Illarta kawai ita ce ba ta tsaya a aji ba, ta biyo shi gida.

A shekarar farko ya bayyana wa matarsa Sa'adiya cewa ba a saka irin wannan kaya a kwantena, domin 'yan dako a tashar Kwatano ba su san bambancin keken mara lafiya da buhun siminti ba. A jirgin sama zai tafi da shi. A shekara ta biyu aikin jami'a ya yi yawa. Sai annoba ta zo ta rufe duniya, ta ba kowane malalaci hujja mai hatimi. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulki, kaya suka koma zagayawa ta Lome su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja, Malam Salissou ya ji labarin a mota, kuma abin da ya fara sauka a ƙirjinsa ba baƙin ciki ba ne. Sauƙi ne. Ya daɗe yana jin kunyar wannan sauƙin, amma kunyar ba ta hana shi amfani da hujjar ba.

Kiran waya kuwa shi ya fara mutuwa. Da farko kowace Juma'a yake kiran Yaya Tsahara. Ba ta taɓa tambayar keken ba, ko sau ɗaya. Sai ta tambayi lafiyar Sa'adiya, da sanyi, da ko yana samun fura a can. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kiran ya koma wata-wata, ya koma na Sallah. Da ya sauya waya lambarta ba ta biyo shi ba, shi kuma bai bi ta ba. Labarinta yana zuwa ne ta zauren dangi na waya, wanda ya kashe wa ƙara domin, a cewarsa, yana hana shi nazari.

Sa'adiya a gidan kula da tsofaffi take aiki. Wuni take yi tana tura iyayen wasu a kan irin wannan keke, ta dawo ta ajiye motarta a waje domin kwalin ya tare rabin gareji. Ranar wata Asabar da safe, yana shan shayi, ta ajiye masa makullin mota kusa da kofi, ta ce ta riga ta kwantar da kujerun baya, kwantenar Kader mai aika kaya gida kuma yau ake rufe ta.

Ya fara yi mata bayanin halin da hanyar Lome ke ciki.

"Malam," in ji ta, "ni ba ɗalibarka ba ce, ba jarrabawa zan rubuta ba. Taya huɗu na mota da firji da katifu duk suna isa Maraɗi ta wannan hanyar. Keken nan kaɗai ne yake jiran a haƙa wa Nijar teku."

Ya ce maganar ta fi haka zurfi. Ta ce ta sani, shi ya sa ta kama masa gefe ɗaya na kwalin.

Sitonsu Kader yana bayan wata unguwar manyan shaguna, inda tireloli ke juyawa. Kader mutumin Maraɗi ne, bai kai arba'in ba, kuma rabin 'yan Nijar na garin ta hannunsa suke aika kaya gida. A ƙofar siton ga kwantena baki buɗe, an cusa motoci biyu a ciki, an cike tsakaninsu da shuɗɗan durom-durom, kowane da suna da gari da lamba a jikinsa da baƙin rubutu. Da ya hango Malam Salissou sai ya ajiye igiyar da ke hannunsa, ya zo ya gaishe shi hannu biyu, ya kira shi Furofesa, ya ce yau siton ya yi albarka. Ya duba kwalin, ya shafa ƙurar da ke kansa da yatsa, ya duba yatsan, ya goge shi a wandonsa. Malam Salissou ya gwammace da Kader ya yi magana.

Domin ya cike shirun, sai ya shiga tambayar yadda ake fama da 'yan duwan, wato kwastan, a Lome, da kwana nawa ayari ke jira a garin Kaya na Burkina kafin soja su ba da hanya, yana jefa alƙaluma daga wata maƙala da ya karanta. Kader ya saurara cikin ladabi, ya ce lallai haka ne, sai dai su da ba su yi karatu ba sun ɗauka wata uku ne zuwa huɗu, in Allah ya kiyaye, kuma kwantenarsu ba ta taɓa karanta maƙalar ba, shi ya sa take isa. Sannan ya miƙa masa alƙalamin rubutun kwali.

Malam Salissou ya rubuta sunan yayarsa da kyakkyawan rubutun 'yan lakkol na da. Ya rubuta sunan ƙauyen. A ƙarƙashi ya sa arondisman na Madarunfa. Kader ya leƙo, ya yi gyaran murya, ya ce a yi masa afuwa, amma an fi shekara ashirin da daina arondisman. Yanzu departeman ake cewa, ƙauyen kuma yana ƙarƙashin wata komin. Mai koyar da tsarin mulkin Nijar ya soke layin, ya rubuta abin da mai ɗaure kaya ya faɗa masa.

Saura lambar waya. Ya tsaya da alƙalami a sama, ya laluba aljihu, ya ce wayarsa sabuwa ce.

Kader ya ce ba komai, yana da ita.

Ya ciro wayarsa ya karanto lambar, Malam Salissou yana rubutawa, sai a lamba ta shida hannunsa ya tsaya. Ya tambaya yadda aka yi lambar gidan yayarsa ta zo wayar Kader. Kader ya sosa ƙeya. Ya ce wakilinsa na Maraɗi, Faïçal, shi ya ba shi. Duk ran da aka ji kwantenar Amirka ta sauka, 'yar Hajiya Tsahara, Mubina, takan hau motar kasuwa ta zo siton, ta jira a gama kiran sunaye, sannan ta matso ta tambaya ko akwai kwali da sunan uwarta. Faïçal yakan ce babu. Takan yi godiya, ta bar lamba ko za a gani daga baya a ƙarƙashin wasu kaya.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin korona, Furofesa. Ba ta taɓa fashi ba."

Malam Salissou ya tambaye shi don me bai taɓa gaya masa ba, alhali kowace Juma'a a sahu ɗaya suke salla. Kader ya ce shi yaro ne, ba shi zai tare babba a ƙofar masallaci ya tuna masa 'yar'uwarsa ba. Anti Sa'adiya ya gaya wa, bara. Malam Salissou ya juya ya dubi matarsa. Tana tsaye a jikin mota tana kallon tireloli da matuƙar sha'awa, kamar yau ta fara ganin tirela.

Ya ƙarasa lambar. Ya mayar da murfin alƙalamin, ya ce to, an gama, a loda. Kader bai taɓa kwalin ba. Ya ce akwai ƙa'idar siton, wadda kowa ya sani: ba a loda kaya sai mai aikawa ya kira mai karɓa a nan, a gabansa, ya faɗa masa da bakinsa abin da ke tafe da sunan wanda zai je ɗauka. Sun sha ganin rigima a Maraɗi, ɗan'uwa ya zo ya ce nasa ne, wani ya zo ya ce shi aka ce. Tun daga nan ya sa dokar, kuma ko limami ya kawo kaya sai ya kira.

Malam Salissou ya ce ai Sa'adiya za ta iya kira. Kader ya ce sunan da ke wurin mai aikawa ba nata ba ne. Malam Salissou ya ce yanzu can yamma ta yi, wataƙila suna salla. Kader ya duba agogo ya ce an idar da la'asar da daɗewa. Malam Salissou ya buɗe baki zai yi magana a kan ƙarancin wutar lantarki a karkara da yadda waya ke kwana babu caji, sai ya ji jimlar tana haɗuwa a kansa tsaf, da gabatarwa da misali, irin wadda ɗalibai ke rubutawa. Ya rufe bakinsa.

Daga jikin kwalin ya kwafi lambar, yana duba kowace ɗaya sau biyu. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, yana fatan ta katse, yana kuma jin ƙyamar fatan. A na huɗu wata mace ta yi sallama, ana jin kukan awaki a bayanta. Ya faɗi sunansa. Sai ya ji takun gudu, da labule, da muryar Mubina tana cewa, Inna, Kawu ne, Kawu na Amirka.

Ba a gaida Yaya Tsahara a tsaye. Bai san lokacin da ya tattare wandonsa ba, ya durƙusa a kan simintin siton, tsakanin durom biyu, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ji numfashinta a wayar, mai nauyi, a hankali.

"Yaya," ya ce, "ina wuni."