Sandar Icen Tuffa

Norio ya kawo mahaifinsa Toyoji garin Shibayu mai ruwan zafi na magani ranar uku ga Afrilu, ya sauke shi a ƙofar masauki tare da uwarsa Kinue da buhun shinkafa da tukunya biyu, ya juya mota.

Kafin ya tafi ya sauke gilashi.

"Baba, sati uku. In na dawo na tarar kana dogara wannan sandar, ku biyo ni birni. Gonar a ba maƙwabta su riƙe."

"Gonar ubana?"

"Ita. Mai sanda ba ya hawa tsani."

Toyoji ya kau da kai. Shekararsa saba'in da shida, bai taɓa roƙon ɗansa ba, kuma ba ranar zai fara ba.

A kakar bara ya faɗo daga tsani yana tsinkar tuffa, ya karye a ƙugu. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe. Likita ya ce ƙashi ya haɗu sarai, saura zuciya. Toyoji ya ce likitan yaro ne, me ya sani game da zuciyar maza? Amma tun daga ranar bai yi taku uku hannu wofi ba. Sandar da kansa ya sassaƙa ta, daga reshen bishiyar farko da ubansa ya dasa. Tare suke kwana, tana gefen shimfiɗa.

Mai masaukin, wata dattijuwa Yasuno, ta tarye su da shayi. Ta miƙa hannu ta karɓi sandar, ta ɗaura mata shuɗin ƙyalle a wuya.

"Wannan fa?"

"Alamar gidana ce, Baba. Duk baƙona sai na ɗaura masa. In ka manta ta a kasuwa, an san inda za a kawo."

"Ba na mantawa."

"Kowa haka yake cewa."

Wanka sau uku ne a rana: da safe, da azahar, da yamma. Ɗakin wankan yana ƙarshen titi, kusa da kogi, ruwan na fitowa daga cikin dutse da zafinsa da warinsa na dafaffen ƙwai. A bakin ƙofa akwai ganga inda kowa ke zuba sandarsa. Toyoji ya wuce gangar, ya shiga da tasa har bakin kwami.

Wata murya ta fito daga cikin tururi.

"Kai, sabon baƙo! Sandar ma ciwon ƙugu take yi?"

"Ita dai ba ta da surutu."

Tsofaffin da ke cikin ruwa suka fashe da dariya. Mai maganar ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Isomatsu ne, masunci daga bakin teku, gajere, mai katon tabarau, wanda gwiwa ta kawo shi. Ya matsa ya ba Toyoji wuri.

"Zauna nan, mai tuffa. Na ji labarinka. Bishiya ta kayar da kai."

"Tsani ne."

"Ni shekara hamsin teku na jijjiga ni, ban faɗi ba. Kai ƙasa tana tsaye cak."

"Shi ya sa har yanzu kake warin kifi. Ruwan nan ma ya kasa ka."

Daga nan aka ƙulla. Kullum tare suke shiga, tare suke fita, ba ranar da ba su yi musu ba. Isomatsu ya ce tuffa abincin marasa lafiya ce. Toyoji ya ce kifi abincin kyanwa ne. A ɗakin girki na baƙi kuma, inda kowa ke dafa nasa, Isomatsu kan ajiye busasshen kifi a kan murfin tukunyar Kinue, Toyoji kan bar tuffa biyu a ƙofar ɗakinsa. Ba wanda ya taɓa yi wa wani godiya.

Kinue kuwa sai ta zama wata. Shekara hamsin ba ta huta ba. Nan ta samu ƙawaye, su tafi kasuwar safe su sayo awara da ganyen dutse, su dawo su baje karta a tabarma. Toyoji ya ji dariyarta ta bango, irin wadda rabonsa da ji tun suna amarci. Ya ɗaure fuska, amma bai hana ba.

Jikinsa ma ya amsa. A sati na farko ya yarda ya bar sanda a ganga, tunda akwai gorar dafawa a ciki. A sati na biyu ya sa safa da kansa. Ya zauna ya naɗe ƙafa ya ci abinci, ya tashi ba wanda ya kama shi. Sai dai da ya fito ƙofa, hannunsa ke neman sanda kafin ƙafa ta nemi takalmi.

"Baban Norio, ƙafar nan ta warke," in ji Kinue. "Ɗazu na gan ka tsaye a kanta kana sa wando."

"Ba ki gani ba."

"To, makauniya ce ni."

"Zuba min shayi."

A bayan gari akwai matakala sittin da shida na dutse, suna hawa zuwa ɗan ɗakin ibada. Wanda ruwan ya warkar, can yake kai sandarsa, ya rubuta sunansa a guntun katako, ya rataye a bango. Wata rana Toyoji ya je gindin matakalar shi kaɗai. Ya ɗaga kai. Tsani ya gani, dogo, ba iyaka. Ya juyo, ya ce da kansa dama iska ya fito sha.

Isomatsu ya ce shi ranar tafiyarsa zai kai tasa.

"Ka zo mu je tare, mai tuffa."

"Sandar ubana ba ta bango ba ce."

"To ta birni ce? Na ji can akwai ɗaki mai hawa da mutum sama. Kai da tsani har abada."

Wannan ta shiga. Toyoji ya nutsa cikin ruwa har haɓa.

Kwana ashirin da ɗaya suka cika. Ranar Norio zai zo, ranar kuma Isomatsu zai koma teku. Gari ya waye tas, ƙanƙarar kan rufi na ɗiga. Isomatsu ya yi wankan safe ya fita da wuri. Toyoji ya daɗe a ruwa. Yana tunanin bishiyoyinsa ɗari da ashirin, nan da wata guda za su yi fure, wani ne zai tsaya a ƙarƙashinsu. Da yatsunsa suka yamutse ya fito, ya sa rigar masauki da takalmin katako, ya kai hannu ganga.

Sanda ɗaya ce a ciki. Ta ƙarfe, irin ta kanti, da roba a gindi da shuɗin ƙyalle a wuya. Ya shinshina. Kifi.

Kinue na zaune a benci tana shan hantsi.

"Ke! Ina sandata?"

"Isomatsu ya fito tabarau duk tururi, ya ce in miƙo masa mai shuɗin ƙyalle."

"Kika miƙa masa wacce?"

"Mai shuɗin ƙyalle."

Toyoji ya dubi ƙarshen titi. Ga masunci can ya fara hawa matakala, ya saɓa sandar icen tuffa a kafaɗa kamar mai zuwa kiwo.

Ya dubi ta ƙarfen da ke hannunsa. Shi, Toyoji, ya ratsa gari da sandar kanti mai ƙarnin kifi? Ya wurga ta cikin ganga, ta yi ƙara.

"Isomatsu! Ɓarawo! Tsaya nan!"

Kogi ya cika da ruwan ƙanƙara, yana ruri. Isomatsu ya waiwayo, ya ga mutum yana ɗaga hannu, ya ɗauka sallama ce. Ya ɗaga sandar sama ya kaɗa ta, ya ci gaba.

Toyoji ya bi shi. Takalmin katako na ƙwas-ƙwas a kan dutse. Mai awara ya tsaya da ludayi a hannu. Matan kasuwa suka bar ciniki. Yasuno ta leƙo daga ƙofa, ta buɗe baki, Kinue da ke biye ta ɗora yatsa a leɓe. Suka dai biyo baya a hankali, kamar masu rakiyar amarya.

"Mai warin kifi! In ka rataye ta sai na rataye ka!"

Ya kama hawa. Ɗaya, biyu, goma. Zagi yake, yana hawa. Ya zagi Isomatsu, ya zagi tabaransa, ya zagi jirginsa da duk kifin da ya taɓa kamawa. A mataki na arba'in numfashi ya ƙare, zagin ya tsaya. Ya kai hannun dama zai dogara.

Ba komai a hannun.

Ya dubi tafinsa. Ya dubi ƙasa. Rufin gidaje na can ƙasa, tururi na tashi a tsakaninsu, mutane sun taru a gindin matakala sun ɗaga kai. Ya ji irin iskar da ya ji ranar da tsani ya goce.

Kinue na mataki uku a bayansa, tana haki. Ba ta miƙa masa hannu ba.

"Baban Norio, arba'in ne a baya, ashirin da shida a gaba. Sama ta fi kusa."

"Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Amma ga Isomatsu can yana neman ƙusa."

Toyoji ya ɗaga ƙafar da aka yi wa aiki, ya ɗora a mataki na gaba. Ta ɗauke shi. Ya sake. Ta sake ɗaukarsa. Daga ƙasa wata mata ta fara ƙirga da ƙarfi, sauran suka kama. Hamsin! Hamsin da ɗaya! Ya so ya juya ya ce su yi masa shiru, amma ba shi da numfashin ɓatawa. Da ya taka na sittin da shida, tafi ya ɓarke har kogi bai rufe shi ba.

Isomatsu na gaban bango ya haɗa tafuka, ya sunkuyar da kai. Sanduna sun fi ɗari a rataye, wasu sun yi baƙi don tsufa. Ta icen tuffa na tsakiya, da sabon guntun katako.

"A'a, mai tuffa! Ka zo rakiya?"

"Goge tabaranka."

Ya goge da haɓar riga, ya mayar, ya matsa kusa da bango. Ya daɗe yana kallo.

"Wallahi na ce yau sandar nan ta yi daɗin riƙo."

"Me ka rubuta a jiki?"

"Isomatsu, masunci. Gwiwa ta warke, na gode."

"A sandar ubana. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba."

"To yau ya samu ɗa masunci." Isomatsu ya dubi hannuwan Toyoji, ya dubi matakala. "Tsaya. Kai da me ka hau?"

"Da ƙafa. Da me ake hawa?"

Isomatsu ya zauna a ƙasa don dariya, yana dukan gwiwar da ta warke. Kinue ta iso, ta jingina da ginshiƙi tana share ido. Toyoji ya harare ta.

"Shekara hamsin kina share gindin bishiyar nan. Ba ki gane icenta ba?"

"Ido ya tsufa, Baban Norio."

"Ƙarya kike."

"Ƙarya nake."

Ya juya mata baya don kada ta ga bakinsa. Ya tsinke guntun katakon, ya jefa wa Isomatsu, ya ɗauki sabo daga kwando da alƙalamin da ke ɗaure a wurin. Rubutu ba sana'arsa ba ce. Ya yi shi a hankali, manya-manya, a karkace: Toyoji, mai tuffa. Bai ƙara komai ba. Ya ɗaura.

Sai ga wani yana hawowa da takalmin birni, riga a hannu, yana numfashi kamar mai gudun kare. Norio ne. Ya dafa gwiwa ya tsaya.

"Baba... na iso ƙasa na tarar ana ƙirga. Na ce me ake ƙirgawa, aka nuna min kai."

"Shekararka nawa?"

"Arba'in da takwas."

"Kake haki haka? Ka zo ka yi sati uku."

Norio ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce maganar birni ta mutu, gida zai kai su yau, kuma in fure ya fito zai ɗauki hutu ya zo ya riƙe tsani. Toyoji ya ce tsaninsa ba ya son riƙo, amma ya zo, akwai ciyawa.

Suka juya za su sauka. Norio ya leƙa matakalar, ta jiƙe da narkakkiyar ƙanƙara. Ya koma bango, ya sauko da sandar, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, sauka ta fi hawa wuya. Riƙe ta zuwa ƙasa kawai, ni zan dawo da ita."

Toyoji ya dubi sandar. Ya ga inda tafinsa ya goge ta har tana ƙyalli. Ya zura hannuwansa biyu cikin hannun riga, ya sa ƙafa a matakin farko.

"Mai da ita inda ka ɗauko. Ba na karɓa."