Ɗorawar Iya a Bakin Rafi

"Ba ni tashi, Baffa," na ce. "In sarewa za a yi, a fara da ni."

Ina zaune a gindin babbar ɗorawar bakin rafi, na jingina da ita, na miƙe ƙafafu kamar wadda ta zo kitso. Baffa Ɗahiru, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni tun ina marainiya, yana tsaye a kaina, hularsa ta karkace don fushi. Bayansa ga Lawali, ɗan kwangilar itace daga Gusau, da masu gatarinsa.

"Ruƙayyatu, da ni kike magana ko da sa'arki?"

"Da kai nake, Baffa. Shi ya sa ban ɗaga murya ba."

Lawali ya gyara babbar rigarsa, ya yi murmushi. "Haba Malama, icce ne fa, ba miji ba."

"Shi ya sa nake tsaronsa, Malam Lawali. Miji in ya tafi, bayan idda a sami wani. Wannan in ya faɗi, ko jikanka ba zai ga madadinsa ba."

Masu gatari suka fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Baffa ya juya ya tafi, kuma na san ba gida ya nufa ba. Ƙofar mai gari ya nufa.

* * *

A shekarar 1954 ke nan, lokacin da gyaɗa ta shiga kan mutanen Furfuri. Jirgin ƙasa yana kwasarta daga Gusau, garin kuma yana ta cika, kowane murhu da kowane gidan burodi yana neman itace. Gyaɗa ba ta son inuwa, Lawali yana son itace, sai ciniki ya faɗa daidai. Ranar da na dawo daga makarantar 'yan mata ta Sakkwato, na sauka daga mota na kasa gane hanyar gidanmu. Tsamiyar da muke shan kwana a gindinta babu, gawon da shanu ke taruwa ƙarƙashinsa babu. Kututture kawai, kamar bakin tsohuwa.

Saura namu na bakin rafi: ɗorawa jere, da gawo a tsakaninsu. Gonar ta Baffa ce, babu gardama. Amma a gidanmu tun kaka da kakanni gona daban, ɗorawa daban. Maza su gaji ƙasa, mace ta gaji itacen da take daddawa da kalwarsa. Kakata Iya ta ba ni su kafin ta rasu, a gaban aminiyarta Gwaggo Uwani.

* * *

Na je ƙofar mai gari da ƙorai biyu a kai da buta a hannu. Ƙwarya ɗaya ƙasa ce zalla, ɗaya kuwa ƙasa ce da na yanko da ciyawarta da saiwarta.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in nuna abu."

"Tuwo za ki tuƙa mana?" in ji mai gari, fadawa suka yi dariya.

Na karkata ƙwarya mai ciyawa, na zuba ruwa, ya tsiyaye kusan garau. Na karkata ɗayar na zuba. Jar laka ta kwararo, ta bi gangara, ba ta tsaya ko'ina ba sai a kan farar rigar Lawali. Ya yi tsalle kamar kunama ta harbe shi.

"Abin da rafi zai yi wa gonakinmu ke nan," na ce, "in babu saiwar da ke riƙe gaɓa."

Mai gari ya share hawayen dariya. "Ɗiyar nan, ruwa na Allah ne. Kakanninmu sun ga fari, sun ga ambaliya, ba su sare icce ko ɗaya ba."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ruwa na Allah ne, ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ba mu da ta cewa. Amma gatari namu ne."

Sai aka kira Gwaggo Uwani. Ta dogara sandarta, ta dubi Baffa sama da ƙasa. "Ɗahiru, ina nan uwarka ta dafa iccen nan ta ce na Ruƙayya ne. Miyar da ta yi maka wannan wuyan, da mi aka yi ta? Da gyaɗar Bature?"

Nan shari'a ta ƙare. Gona ta Baffa, itatuwa nawa.

A hanya na durƙusa masa. Bai dube ni ba. "Ki riƙe iccenki," ya ce. "Aikin koyarwar da ake kiranki Gusau kuwa, sai ki nemi izini wurin ɗorawa, tunda ita ce ubanki."

Ba a ɗaukar budurwa aiki sai da yardar mai riƙonta. Aka ba wata aikin.

* * *

Na koma ɗakin Gwaggo Uwani. Hannun da ya koyi riƙe alli ya koyi dafa kalwa, da surfe ta, da rufe ta da ganye har ta nuna. 'Yan mata a bakin rijiya suka sa mini suna amaryar ɗorawa, in na wuce su toshe hanci. Ni kuwa in ce, "Ku toshe da kyau, da yamma za ku zo saye." Kuma suna zuwa, don babu sauran mai ɗorawa a wannan gefen.

Da rani Hajara Bafulatana ta sa mijinta ya kawo shanunsu ƙarƙashin gawona. Shanu su ci 'ya'yan gawo, su bar taki a gonar Baffa, ni in sami nono. Hajara kan ce, "Daga Wanke har nan, ke kaɗai kika bar wa saniya wurin lumshe ido."

Damina ta biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya cika ya yi ja, ya dinga yagar gaɓa yana haɗiyewa, da gyaɗa da kunyoyinta da komai. Gonar maƙwabcinmu Yahuza ta zama kwazazzabo, har jaki ya faɗa ciki. Da ruwa ya iso wurin itatuwana, ya wanke saiwoyinsu suka fito fili kamar yatsu, amma gaɓar ba ta saki ba. Gonar Baffa ta tsira, ko geron da nake saye ina zuba wa kaji daga nan ya fito.

Na ɗauka Baffa zai kira ni. Na yi wanka na ɗaura sabon zane na jira. Ba a aiko ba.

* * *

Yanzu bazara ce. Iska tana ɗebo yashi daga filayen da aka share tana zubawa a rijiyoyi, mata suna tafiya har bayan dutse neman kirare, Lawali ya koma sara wajen Tsafe. Da rana ta take, duk mai noma a gefen nan wurina yake fakewa. Ni ina gefe ɗaya ina kaɗo ɗorawa da doguwar gora, garinta rawaya yana zubo mini a ka, ina raha da kowa.

Baffa ma yana zuwa. Yakan zagaya ta ɗaya gefen, ya jingina fartanyarsa, ya zauna ya ba ni baya. Kullum in ce, "Barka da hutawa, Baffa." Kullum ya gyara zama cikin inuwar, ya yi shiru.

Itatuwan suna tsaye. Abin da na biya shi ne ajin da ban taɓa shiga ba, da muryar mutumin da ya rene ni.