Littattafan Gaji a Hannun Datti

Mutum uku ne suka kama Malam Datti suka sauko da shi daga adaidaita sahun da ta dawo da shi daga asibiti a Gaya. Maƙwabcinsa Gaji yana zaune a dakalinsa yana kallo, kuma Allah ya sani ba ramar mutumin ya fara gani ba. Baƙar jakar kwamfutar nan ya fara gani, wadda Datti ya rungume a ƙirji, ya hana kowa ya riƙe masa.

"Sannu, Malam Datti. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin, Malam Gaji. In ka sami sarari ka leƙo, akwai magana."

"To, in sha Allah."

Duk wanda ya san Gaji ya san irin wannan amsar tasa ba a shimfiɗa mata tabarma.

Shekara goma sha ɗaya Gaji ya yi yana riƙe da kuɗin rijiyar burtsatsen unguwarsu a Balan. 'Yan garuwa su cika jarkoki su biya, shi kuma ya rubuta da biro a littafin makaranta. Kuɗin ba su taɓa auki ba, kullum man janareto ke lashe su. Ana haka Datti ya yi ritaya daga aikin akawu ya dawo gida da kwamfuta. Ya nuna wa kwamitin rijiya wani jadawali, kowace rana da layinta, abin da ya shigo a gida ɗaya, abin da ya fita a wani gidan, ragowar kuma ta lissafa kanta ba tare da an tsuguna ana ƙirga yatsu ba. Dattawa suka riƙe baki. A zaman nan suka karɓe ma'aji daga hannun Gaji suka ba Datti.

Jadawalin ya nuna ranakun da ake ƙona mai a banza, aka daina tayar da inji sau uku a yini. Cikin shekara biyu aka sayi sola. Daga nan ne magana ta fara yawo a majalisa: to, a da ina kuɗin suke zuwa? Ruwa dai ba ya tsami banza. Ba wanda ya faɗa wa Gaji a gaban idonsa, amma ko karo-karon tabarmin masallaci an daina ba shi ya riƙe. Ƙarshe kwamiti ya ce a miƙa wa Datti tsofaffin littattafan duka ya zuba su a kwamfuta, a san gaskiya. Gaji ya cusa su a buhun taki ya aika, wata biyar ke nan ba a ji komai ba.

Tsoron sakamakon yana nan, amma hassada ta fi shi nauyi. Gaji ya tsani jin ana cewa "a tambayi Malam Datti". Yanzu ma da ciwo ya kwantar da shi, Gaji sai ya zauna yana ƙirga takalman masu dubiya a ƙofar zaure. Ranar Asabar ya ƙirga ƙafa goma sha tara. Da shi ya yi zazzaɓin da ya kusa kai shi bara, mutum huɗu suka zo, ɗaya ma aron fartanya ya kawo shi.

Matarsa Adawiyya ce ta kawo saƙo na biyu, daga matar Datti, ta kan katanga.

"Malam, Muslima ta ce yana ta cigiyarka."

"Na gaishe shi ranar da ya dawo."

"Daga dakali? Wannan ai gaisuwar hanya ce. Taku goma ne fa tsakaninku."

"In ya gano na ci kuɗi, ya kai wa kwamiti. In kuma bai gano ba, ni ba na bukatar akwatin ƙarfe ya wanke ni. In je in durƙusa gaban gadonsa yana karanta mini aikina kamar ɗan firamare?"

Adawiyya ta ci gaba da tsince wakenta. "Girman kai dai rawanin tsiya ne. Mutumin nan ko kunu ba ya iya haɗiya."

Ran Talata ta sake faɗa masa. Ya sa hula, ya fito, har ya kai bakin zauren. Sai ya jiyo muryar shugaban kwamiti a ciki yana cewa, "Wallahi unguwar nan ba ta taɓa samun irinka ba." Gaji ya juya ya wuce gona, ya yini yana saran ciyawar da ba ta yi masa laifin komai ba.

Laraba bayan azahar kuka ya tashi a bayan katanga.

An yi jana'iza da la'asar. Mutane daga Toranke da Ajingi da cikin Gaya suka cika fili har bakin rijiyar. Gaji yana sahu na biyu, ana kabbara, zuciyarsa tana tambayarsa ko rabin wannan taron zai samu ran tasa. Ya yi istigfari, tambayar ta sake dawowa.

Ranar sadakar uku Muslima ta aika a kira shi. Tana takaba, don haka daga bayan ƙyauren zaure ta yi magana, hannunta kawai ya gani da ta turo buhun takin, sannan baƙar jakar.

"Malam Gaji, ya ce in ba ka. Ya gama zuba littattafanka tun kafin a kai shi asibiti. Ya ce ko kwabo bai ɓace a hannunka ba, mai ne ya cinye, kuma lissafin yana nan, kowace rana da layinta."

Gaji ya jawo buhun da jakar gabansa. Ya zauna a ƙasa.

"To me ya hana shi faɗa wa kwamiti?"

"Ya ce in shi ya faɗa, za su ce alfarmar maƙwabtaka ya yi maka. So ya yi ya koya maka buɗe ta, ka nuna musu da hannunka, su mayar maka da ma'ajinka."

Ya zuge jakar, ya ciro kwamfutar, ya ɗaga murfin, ya danna maɓallin da ya sha gani Datti yana dannawa. Fuskar ta kawo haske. Ba jadawali, sai wani ɗan fili fari a tsakiya.

"Tana neman lambobin sirri," in ji shi. "Mene ne?"

Muslima ta amsa daga bayan ƙyauren.

"Ni ban sani ba, Malam. Ya ce amanar jama'a ce, ma'aji kaɗai ake ba wa. Kai ya jira."

A waje 'yan garuwa suna wucewa da kurarsu, jarkoki na gwaruwa. Gaji ya ɗora yatsa ɗaya a kan maɓallan bai danna ba. A cikin farin filin wani siririn layi yana ƙiftawa, ya ɓace, ya dawo.