Idon Dama

"Rufe idon hagu, Baba, ka karanta mini layin sama," in ji Sista Doreen, mai gwajin ido a asibitin.

Kumai ya ɗora tafin hannu a kan idonsa yana murmushi. Tun bara da aka ƙwace lasisinsa saboda laifuffukan da suka taru masa a hanyar Kafanchan zuwa Manchok, babu sharaɗin da bai cika ba. Ya koma makarantar tuƙi ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa, shi da ya yi furfura a kan sitiyari. Ya ci jarrabawa, ya haɗiye dariyar 'yan tasha. Takardar likita kawai ta rage kafin bas ɗinsa ta bar gindin mangwaron da aka ajiye ta.

Murmushin ya ɗauke. Babu layin sama, babu allon ma. Sai fari-fari, kamar an watsa kunu a gilashi.

"Sista, an ɗauke wuta ne?"

"Wuta tana nan, Baba."

Ya cire hannun, ɗakin ya dawo. Ya mayar, ɗakin ya ɓace. Ya tuna mai babur ɗin da ya goga a Samaru Kataf, wanda shi Kumai ya rantse cewa daga sama ya faɗo. Ya tuna jami'in da ya ce ya ɗaga masa hannu a bakin titi ya ƙi tsayawa, shi kuwa ya dafa Littafi Mai Tsarki cewa babu kowa a wurin. Shekara guda yana gaya wa duk mai saurare cewa ido aka sa masa.

"Yanar ido ce ta rufe na daman, kuma ta daɗe," Sista ta ce a hankali. "Hagun ne ke aikin biyu. Sai an yi maka aikin ido kafin likita ya sa hannu."

A bakin ƙofa wani ɗan cuwa-cuwa ya tare shi. "Oga, kar ka damu. Ni zan fitar maka takarda yau, ba gwaji."

Kumai ya zuba masa ido, bakinsa a buɗe, har mutumin ya tsargu ya wuce.

"Baban Joanna, tun ɗazu ina tsaye a nan."

Ya zabura. Matarsa Afiniki ce, daf da kafaɗarsa ta dama.

"Na sha ganin kana zuba shayi a gefen kofi," ta ce. "Na ɗauka gaggawa ce."

"Yaran makaranta nake ɗauka, Afiniki. Kowace safiya."

Ta zagayo ta hagunsa ta riƙe masa hannu.

A tasha direban motar Manchok ya buɗe masa ƙofar gaba don girmamawa. Kumai ya girgiza kai, ya sunkuya ya shige can baya, ya zauna cikin fasinjoji.