Audugar Rimi a Buhun Albasa

A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato aka sa ranar auren Zinatu da Nuraddeen, wani malamin makaranta a Jega. Uban yarinya ya sayar da albasarsa ya sayi kujerun kushin, ya ce shi kam ya gama nasa. Gwaggonta Tasalla, wadda ta riƙe ta tun yaye a Danwarai, ita ce hankalinta bai kwanta ba. Ta san bakin matan Jega. In ƙauyawa suka zo jere, kallo ɗaya matan suke yi wa ɗakin amarya su samu abin faɗa har shekara ta zagayo. Tasalla kuwa ta rantse ba a kan ɗiyarta ba.

Ta taɓa ganin 'yan ƙananan matasai a kan kujerun wata Hajiya a Jega, waɗanda ba a ɗora musu kai, sai dai a kalla. Ta ce in dai wannan ne birni, ita ma tana da allura. Ta yanka tsohon zanenta na karan-miski, ta zana fulawa da gawayi, ta bi zanen da zare ja da ruwan ƙwai, ta yi wa kowace kusurwa tuntu. Ƙanenta Almu ya aiko mata da audugar rimi daga Gumbin Kure. Ta zauna ta tsince 'ya'yan tas don kada ɓera ya yi sha'awa, ta ɗura audugar a buhu, ta rataye a rumfar da ake ajiye albasa, don nan ne kaɗai ruwa ba ya taɓawa. Buhun ma na albasa ne. A Danwarai wane buhu ne ba na albasa ba?

Da biki ya matso ta cusa audugar, ta ɗinke. Matan gari suka yi ta zuwa kallo, kowa ta ɗauka ta rungume, ta ce ko a Makka sai haka.

Ranar jere aka shimfiɗa leda, aka jera kwanoni, Tasalla ta ɗora matasanta a kan kujeru ta ja da baya tana gyara ɗaurin kallabi. Sai ga Tabawa, yayar ango, da ayarinta. Ta yaba ɗinkin har da tafa hannu, ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da fuska, sai ta tsaya cak.

"Jama'a, mi ka wari haka? Miya anka aza cikin ɗakin ga?"

Tasalla ta karɓa ta shinshina. "Ni ban ji komi ba."

'Yan rakiyarta ma suka shinshina ɗaya bayan ɗaya, suka ce su ma haka. Gaskiyarsu suka faɗa, don hancin da ya tashi cikin albasa ya daɗe da daina jin ta.

"Albasa ta, wallahi!" in ji Tabawa. "Amarya ta zo da cefanenta cikin matashi!"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Tasalla ma ta yi, amma ta yaƙe ce. Ta ji kunya ƙwarai, kuma ba don kanta ba. Tsoronta kada a laƙa wa yarinyar suna a garin mutane.

Bayan an watse biki ta sa Almu ya kawo sabuwar auduga, ta shanya ta a gidan liman, inda ba a noma albasa, ta ƙulle a wankakken zani ta hau motar Jega. Ta tarar da kujeru tsirara.

"Sun sa kin zubar, ko?" ta tambayi Zinatu.

Zinatu ta ja ta zuwa uwar ɗaki. Ga matasai nan jere a kan gado.

"Kawo su in farke. Ga auduga mai tsabta na kawo."

Zinatu ta haye gadon ta tare su da hannu biyu. "Gwaggo, don Allah ki bar min abina. Garin ga komi nasu baƙo na, har ruwan sha. In kewa ta taso min, nan nika sa fuskata, sai in ji kamar ina ɗakinki."

Tasalla ta ajiye ƙullin audugar a gefe. Ta zauna a bakin gado tana share ido da gefen mayafi.

"Ji min sakarya! Duk abin da ni koya miki, wari ɗai kinka riƙe?"

"Shi ma Malam ya saba. Ya ce yunwa dai shika tashi da ita."

Tasalla ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta jawo matashi ɗaya, ta gyara masa tuntun da ya karkace, ta mayar da shi wurin da yarinyar take sa kai.