Shafin Shamsiyya

Altine ta karɓi salular da hannu biyu, kamar an miƙo mata kwano cike da mai.

"Ki riƙe ta da kyau," in ji Shamsiyya, ɗiyar kawunta, tana dafe da ƙarfen gadon matarnite, asibitin haihuwa na Tasawa. Naƙuda ta lafa mata kaɗan. "Shekara ukku ban tsallake rana guda ban yi rubutu a shafina ba. Yau ma ba za a tsallake ba. Ke za ki sa wa masu bina wani abu."

"Yaya, ki ji da kanki mana."

"Da kaina nike ji! Saurara. Layin farko gajere. Kada ki tsaya doguwar gaisuwa, ba gidan suna ba ne. Ki ba su mutum guda, ba gari duka ba. In sun yi magana ki amsa. Shi ya sa naki shafin ya ƙi tashi, Altine, kina rubutu kamar mai jin kunyar surukai."

Unguwarzoma ta kori Altine waje.

Ta zauna kan benci a inuwar itacen bedi. A salular Shamsiyya, mutum dubu talatin da ɗaya ne ke bin shafin. A tata, mai tsagaggen gilashi, ɗari biyu da sha huɗu. Kuma ita ta fara. Ita ta nuna wa Shamsiyya inda ake dannawa, a tsakar gidansu can Maijirgi. Yanzu ko a kasuwa mata na tare Shamsiyya su ɗauki hoto, ita kuwa a ba ta riƙon jaka.

Ta yi tunanin ta bar shafin haka nan, ta ce rezon salula ne ya ɗauke. Ta yi tunanin ta sa wani abu marar daɗi. Sai kuma wata tambaya da ta daɗe tana cin ta ta taso: rubutun ne ba kyau, ko sunan?

Ta buɗe nata shafin. Sati uku da suka wuce ta yi rubutu kan Inna Biba mai ƙuli-ƙuli, wadda ke gane gyaɗa ta soyu da kunne tun da idonta ya tafi. Kwana huɗu ta yi tana gyara shi. Mutum shida suka so shi, ɗaya yayanta Halilu ne, wanda ba ya karanta komai.

Ta kwafe shi, ba ta taɓa ko kalma ba, ta sa a shafin Shamsiyya.

Kafin azahar salular ta yi zafi a hannunta. Mutum ɗari tara suka so shi. Dubu biyu. Wata daga Damagaram ta ce ta tuna kakarta har ta yi kuka. Wani malamin lakwal a Mayahi ya ce zai karanta wa ɗalibansa. Wata ta rubuta: "Shamsiyya, ba ki taɓa yin kamar wannan ba. Ke kaɗai ke iya haka."

Altine ta karanta wannan sau uku. Daɗi ya zo mata har wuya, ya tarar da ɗaci zaune a can. Ta amsa, "Na gode," da sunan wata.

Da la'asar aka ce ta shigo. Mace ce aka samu. Shamsiyya na kwance, leɓe a bushe, amma hannu ta fara miƙowa.

"Ba ni in gani."

Ta karanta a hankali. Ta kalli yawan mutanen, ta koma sama ta sake karantawa. Murmushinta ya ɗan rage.

"Kin gani? Da kin bi shawarata tun da can..."

"Tsoho ne, Yaya. Yana shafina tun sati ukku."

 Shamsiyya ta gyara wa jaririyar zane, wanda bai buƙaci gyara ba.

"An ce sai na huta kwana bakwai," ta ce daga baya. "Kina da wasu?"

"Da yawa."

"To, ki sa na gobe."

Altine ta kalli ƙasa. 

"Da sunana a ƙasa," ta ce.

"Mi?"

"Da sunana."

Shamsiyya ta daɗe tana kallon silin.

"To," ta ce. "Amma can ƙasa."