Harshen Mama Ya Yi Nauyi

"Gida-gida kike bi kina korar aljanu, Mama, ni kuwa kin bar wani yana shaƙe ni!" in ji Auta, tana karkarwa a ƙasan kicin, wuƙar yanka albasa a gefenta.

Mama ta ture wuƙar da ƙafa, ta durƙusa. Ko fasto ba ta gaya masa ba: tun ran Lahadi, in za ta kira sunan Yesu, sai harshenta ya yi nauyi kamar dutse. Ta dafa goshin 'yarta, ta buɗe baki. Iska kawai ta fito.

Auta ta damƙe mata zani. "Ga shi nan ya dawo! Mama, don Allah ki kira sunan mana!"